Dakalin Gidan Emilia

Kafanchan, 4 ga Maris, 1971

Maigidana, Baban Wilfred,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aikin soja, yaya Inugu, yaya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya.

Gini ya kai rufi. Ka san kangon da aka ba mu na su Emilia ne, matar makanikin reluwe, gidan da aka ƙona a rikicin shekarar sittin da shida. Kumai magini ya ce harsashin ginin yana da ƙarfi, asara ce a haƙa sabo. Ya tsince bulon da wuta ta bari, ya ɗora a kai. To, gida ya fito sak nata. Ɗakinmu a inda nata yake, madafi a inda muke suyar ƙosai ni da ita. Dakalin ƙofa ma nata ne, da sawun 'ya'yanta uku da suka taka tun simintin yana ɗanye. Kullum ina share shi. Ba na jin komai, ko daɗin sabon gida.

Ana cewa mutanen Gabas sun fara dawowa suna karɓar gidajensu. In Emilia ma ta zo, ina za mu?

Matarka,
Bernice

Kafanchan, 20 ga Mayu, 1971

Baban Wilfred,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Emilia ta zo a jirgin ƙasan Fatakwal, ita kaɗai, ta rame ƙwarai. Ta shiga ba wanda ya nuna mata hanya, har ta sunkuya a inda tsohuwar ƙofarta take da gajarta. Na ba ta ruwa, na zauna ina jiran maganar gida. Ta ga hotonka da kaki a bango, ta kau da kai. Ni kuwa ban tambaye ta yara ba.

Daga baya ta ce mu riƙe gidan, ba ta da wanda za ta sa a ciki. Dakalin kawai take so. Kumai ya wuni yana sara a hankali, duk da haka sawun ƙaramin, Simon, ya tsage biyu. Ta naɗe guntayen dakalin a zane, na ɗauka a ka na kai mata har tasha.

Gida ya zama namu. Sai dai akwai rami a bakin ƙofa, Wilfred ya sha faɗawa ciki. Kumai yana so ya cike, na ce ya bari sai ka zo ka gani.

Ka gaishe da abokan aiki.

Matarka,
Bernice