Ruwan da Inna Ta Zuba wa Injin Sanyi

Talata, 20 ga Afrilu 1965

Injin sanyi ya ƙone.

Gidan nan ba nawa ba ne, na gwamnati ne. Baturen dabbobi ya tafi hutu ƙasarsu, aka ce in zauna in riƙe shi. Na sa hannu a takardar kayan da ke ciki, tun daga cokali har kilimatizar ɗin, wato injin sanyin, da ke liƙe a tagar ɗakin barci. Wata biyu ban taɓa shi ba. Sai da Inna ta zo daga garinmu Barmou ta yi mini girki, tunda matata Safi ta tafi gidansu haihuwa, sannan na ce bari tsohuwa ta ga inda karatun autanta ya kai shi. Son a sani, ba wani abu ba.

Kwana uku tana shan sanyi tana sa mini albarka. Yau da la'asar ta zagaya bayan taga, ta taɓa ƙarfen ta ji zafi zau. Tausayi ya kama ta. Ta jiƙa buhu ta lulluɓe shi kamar yadda take yi wa tulu, ta bi shi da ƙwarya biyu na ruwa. Ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, wuta ta ɗauke a layin gidajen gwamnati duka, har gidan Shef, shugaban biro, wato ofishinmu.

«Auta, masassara shika yi, shi yas sa nib ba shi ruwa.» Abin da ta ce ke nan. Ban iya yi mata faɗa ba.

Laraba, 21 ga Afrilu

Na ɓoye buhun a cikin akwatina, kamar ɓarawo.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Manzo, makanikin da ke kula da injin lantarki, ya zo ya kwance injin sanyin. Bai yi minti biyar ba ya zaro zaren buhu daga ciki ya ɗaga mini. Ya ce motar ciki, wadda ke juya injin, ta ƙone ƙurmus, sai an aiko da wata daga Yamai. Na ce nawa? Ya ce jika arba'in da biyar, wato faran dubu arba'in da biyar, ban da ladan hannunsa. Albashina na wata biyu bai kai ba.

Na roƙe shi ya rubuta cewa tsufa ne ya kashe shi. Ya sa mini lakabin girmamawa na Faransawa, ya ce: «Mushe Arzika, ni ban rubuta ƙarya ga takardar gwamnati cikin wanga zamani. Ruwa nig gani, ruwa nika rubutawa. Wa yaz zuba, wanga kuma ba aikina ba na.»

Yana da gaskiya, shi ya sa na ji haushinsa.

Asabar, 24 ga Afrilu

Da kuɗin ne kaɗai da sauƙi. Ina da saniya biyu a Barmou, sai in sayar in huta. Amma tun da aka jefa gurneti a filin idin Yamai ranar Layya, komai ya lalace sai a ce da hannun 'yan adawa. Jiya an tafi da wani malamin lakwal, makarantar boko, ba wanda ya tambayi dalili. Ni kuma ɗan baffana ya bi 'yan adawa ya tsallaka Najeriya bara, sunan kakanmu ɗaya a takarda. Wuta ta ɗauke a gidajen manya awa huɗu, daga gidan da nake riƙo. Wa zai yarda wai tsohuwa ce ta ji tausayin ƙarfe?

Ko tuwo ba ya wuce mini. Inna na cewa zafi ne.

Litinin, 26 ga Afrilu

Shef ya kira ni. Bai ce in zauna ba. Takardar Manzo na gabansa, ya ja jan layi a ƙarƙashin kalmar ruwa. Ya ce yana son suna kafin Juma'a. In mutumin gidana ne, ni zan biya, in bar gidan, kuma takarda za ta tafi Yamai su duba ko kuskure ne ko da gangan. Ya maimaita «da gangan» sau biyu.

Ina bakin ƙofa ya ce, kamar wanda ya tuna wani abu: «Mai gadin gidan, ba shi ka ban ruwan shuka bayan taga ba?»

Na ce shi ne. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma gaskiya ne, shi yake ban ruwan.

Talata, 27 ga Afrilu

Mai gadin, Rissa sunansa. Buzu ne daga wajen Takanamat, ya kusa sittin, shekara tara yana gadin gidan nan. Shi ya ɗebo wa Inna ruwan a ranar, bai san me za ta yi da shi ba, yana tsaye ta zuba. Kullum da hantsi yana dafa shayi a gindin bishiyar bedi ya miƙa mata kofin farko, tana tsokanarsa wai rawaninsa ya fi shi nauyi.

Yau ya miƙo mini kofi na ce cikina na ciwo.

Alhamis, 29 ga Afrilu

Na rubuta rahoto sau huɗu na yaga. A na farko na sa sunan Inna, sai na hango ta tsugune gaban jandarma ana yi mata tsawa da Faransanci. A na biyu na ce ni ne. Na karanta, na yaga. Ina tsoron kaso, gidan yari, in faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan sai ni. Ina tsoron Safi ta haihu ba na nan.

Rissa ba shi da ɗan baffa a Najeriya. Iyaka su sallame shi. Haka nake ta gaya wa kaina.

Juma'a, 30 ga Afrilu

Na miƙa rahoton. Ban ce Rissa ya zuba ba. Na ce shi kaɗai ke taɓa ruwa a bayan taga.

Asabar, 1 ga Mayu

Jandarmomi sun zo su biyu da safe, Inna ta tafi gidan suna. Rissa ya naɗe tabarmarsa, ya jingine ta da bango, ya bi su. Bai dube ni ba.

Tun da suka fita nake jiran a dawo a ɗauke ni. Zai faɗa mana. Me zai hana shi faɗa? Duk motar da ta wuce sai na miƙe tsaye.

Talata, 4 ga Mayu

Shiru. Shef ya gaishe ni da fara'a, abin da bai taɓa yi ba.

Juma'a, 7 ga Mayu

An saki Rissa jiya, an kore shi daga aiki. Raƙumarsa guda ɗaya da yake kiwo wajen ɗansa, ita za a sayar ranar Lahadi a biya gyaran. Manzo ne ya gaya mini, yana goge hannu da tsumma, bai ɗago kai ba. Ya ce kwana biyar ana tambayar Rissa wa ya zuba, yana cewa shi ne.

Na tarar da Rissa a tasha yana jiran motar arewa. Leɓensa a kumbure. Na fara magana, ban ma san me zan ce ba, ya ɗaga hannu.

«Mushe, tsohuwa ta, ba a kai ta gaban biro. Kak ka hwaɗi mata, ba ta jin daɗi.»

Ya zaci don Inna na yi. Na bar shi a haka. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ce in sayo mata shayi.

Laraba, 19 ga Mayu

Kaya sun iso daga Yamai, Manzo ya ɗaura, injin na aiki. Shef ya ce rahotona ya yi tsabta, wataƙila a ɗaga ni gaba da damina. Safi ta sauka lafiya, namiji. Shanuna na nan. Ina cin abinci, ina barci.

Na sa wa ɗakin barci kwaɗo, makullin na aljihuna. Inna ta gani, ta mayar da shimfiɗarta rumfa. Da muna cin tuwo ta tambaye ni ina Rissa, kwana biyu ba ta ga hayaƙin shayinsa ba. Na ce ɗansa ya zo ya tafi da shi gida ya huta, gwamnati ma ta ba shi kyauta. Ta yi murna, ta ce Allah shi yi wa gwamnati albarka.

Na ce amin. Muryata ko rawa ba ta yi ba, har na ƙara tuwo.