Zan Tsaya a Kilomita na Saba'in

Zuwa ga Nontobeko, sanyin idona, inuwar da nake hange idan kwalta ta ɗau zafi, kurɓin ruwan da ya fi kowane kurɓi daɗi!

Saura kwana shida a yi tseren gudu daga Durban zuwa Maritzburg, na kasa zaune na kasa tsaye. Na wanke takalmin gudu, na ɗaure igiyarsa, na kwance, na sake ɗaurewa. Abokan guduna sai tsiya suke min: "Mlungisi, tuddai ne suka kaɗa maka hanji?" Ina! Wanda farcen ƙafarsa ya zube sau tara a wannan hanya, tudu zai ba shi tsoro? Ke ce kika hana ni sakat.

Kin sha tambayata me nake nema a kilomita kusan casa'in. Ni ma ban gama sani ba. Abin da na sani, idan na wuce sittin, cinya ta sandare, baki ya yi ɗaci, duk hayaniyar kaina takan yi tsit, in ji ni mutum ne, ba lebura mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa ba. Wannan shirun nake bi, ya ke furen zuciyata, shi ne kuma ya sa na yi miki laifi.

Bara kin hau motar haya uku, kika tsaya ƙarƙashin bishiyar nan ta kilomita na saba'in, riƙe da dafaffen dankali mai gishiri, kamar yadda kowa ke yi wa nasa. Na hango ki. Allah ya sani na hango ki, na ji kina kwaɗa min kira! Amma agogo ya ci ni, kin kuwa san idan awa goma sha biyu ta cika, alƙali zai juya mana baya ya harba bindiga, kome kusancinka ka yi a banza. Na sunkuyar da kai na wuce ki, hannunki a miƙe. Na tsallake layin ƙarshe saura daƙiƙa arba'in. Da na kawo miki lambar yabon da aka ba ni, ko taɓawa ba ki yi ba, kika ce, "Ka samu ƙarfenka, malam, sai ya riƙa dafa maka." Tun ranar ba ki ƙara ɗaga wayata ba, kuma da gaskiyarki.

Wannan ne tserena na goma. Idan na kammala, za a ba ni koriyar lambar ƙirji ta waɗanda suka gama sau goma, tawa har abada, abin da na yi shekara tara ina mafarki. To me zan yi da ita, wa zan nuna wa?

Ki zo, tauraruwata, ki zo gindin bishiyar. Bana zan tsaya, in dubi idonki, agogo ya yi abin da ya ga dama. Idan kuma ban same ki ba, a nan zan zauna ina jira, dubban mutane su wuce ni, har motar kwashe waɗanda suka gaza ta zo ta ɗauke ni da sauran ƙarfina.

Naki, muddin ƙafa na taka ƙasa,
Mlungisi