Ruwan Sadaka da Sunan Wata

Jidda, 21 ga Maris

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina so ki sani shekara hamsin da bakwai ke nan ina riƙe da ke a zuciya. Ban faɗa miki ba kina raye. Yau garin nan ya tashi da bikin ranar uwa, ni kuma na gaji da riƙon.

Ba ki san wannan biki ba, a zamaninki babu shi a nan. Yanzu da Maris ya kama, shagunan unguwar Safa sai su cika da fure da kek, kowane gilashi an rubuta masa "Ummi", wato uwata, da jan fenti. Malamai su ce bidi'a ce, masu shaguna su ce a zo a saya, mutane su saurari malamai sannan su shiga shago. Da la'asar kowa ya kwashi uwarsa a mota zuwa bakin teku. Ni dai duk shekara nakan ce kaina ke ciwo.

Da Hausa nake rubuta miki, don jikokinki suna jin ta amma ba sa karanta ta. Masu karantawa kuwa ba su san ni ba, sunayen da ke ciki ma na sauya su.

Ga abin da nake riƙe da shi. Ina ɗan shekara bakwai kika wanke ni, kika sa min farar riga, kika kama hannuna zuwa gidan Hajiya Zainaba maƙwabciyarmu. Ita tana da tabi'iyya, takardar zama 'yar ƙasa, amma ba ta da ɗa. Ke kina da ɗa, ba ki da ko iƙama, takardar zaman baƙo, tunda da ƙafa iyayenki suka zo da ke aikin Hajji kina ƙarama, suka mutu a nan ba su bar miki takarda ba. Babana ma ya rasu. Mijin Hajiya Zainaba ya sa ni cikin takardarsa a matsayin ɗansa, kamar yadda gidaje da dama suka yi a unguwarmu a lokacin. Daga ranar aka ce in riƙa kiran ta Ummi, ke kuma in ce miki Khala, kamar wata ƙanwar uwa.

Na yi kuka a hanyar komawa. Ko waiwayo ba ki yi ba, kika ce, "Takarda ba ta shayar da yaro, amma ita ke buɗe masa ƙofa. Share majinarka."

Ƙofar ta buɗe, ban musa ba. Na yi makaranta har jami'a, na karanta nahawu da balaga, na haddace waƙoƙin Larabawan da ko jikokinsu ba su sani ba. Ke kuma kina zaune a Bab Makka bakin hanya da farantin gyaɗa da ƙullin yaji da daddawa. In na biyo da abokan makaranta nakan tsaya in sayi gyaɗa a wurinki kamar kowa. Kina miƙo min kina cewa, "Gaishe da Umminka," da fuskar da ba a karanta komai a cikinta. Kin iya abin fiye da ni. Wannan ma na riƙe ki da shi.

Kin san inda karatun ya kai ni? Sito a unguwar masana'antu, ina buga hatimi a takardun kaya har na yi ritaya. Duk wata kujera da ta fi wannan sai an tona asalin mutum, ni kuwa ba na son a tona. Da aka ce in nemi ƙarin girma, na ce na gode. Haka na ƙare, mai digiri a tsakanin kwalaye.

Sai ranar kame. Ina da shekara ashirin da biyar, aka zo aka ce min an kwashe matan bakin hanya, har da ke. Na sa farar riga mai guga na tafi inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na same ki zaune a ƙasa, mayafinki ya yi ƙura, takalminki ƙafa ɗaya. Jami'in ya dubi katina, ya dube ki, ya tambaye ni mece ce ke a wurina. Na buɗe baki. Wallahi har yau ban san abin da zan faɗa ba, domin kin riga ni. Kika ce masa da Larabcinki na kasuwa, "Ɗan maƙwabta ne, ya sidi, yaron kirki. Ruwa ya kawo min." Kika juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa ƙasa: "In ka yi magana ban yafe ba. Halas, tafi."

Na tafi, Inna. Shekaru ina cewa ke kika kore ni. Gaskiyar ita ce da na fito ƙofar na ji sanyi a raina, na ji na tsira. Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aka sauke ki a ƙasar da kika baro kina shekara shida, inda ba ki san kowa ba. Kika riƙa aiko min da kaset ta hannun alhazai. Ko a kaset ɗin ba ki taɓa cewa ɗana ba, kina tsoron kada a saurara a filin jirgi. "A gaishe da yaron gidan Zainaba, a ce masa ya rage shan shayi, ya yi aure." Sai ki yi shiru, kaset yana ta juyawa, ina jin kaji a bayanki da numfashinki. Shirun nan nake mayarwa in sake ji.

Fasfo ɗina babu inda ya hana ni zuwa. Na ce sai bayan Hajji, na ce sai na yi aure, na ce sai zafi ya sauka. Tsoro ne kawai, kada a tambaye ni abin da ya kai ɗan Zainaba wani ƙauye a ƙasar Hausa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru yau. Kina da jika mace, Samira, 'yata ta fari. Ba ki gan ta ba, amma goshinki ne da ita, da taurin kanki. Da hantsi ta shigo ta ce, "Baba, yau babu ciwon kai. Yalla, tashi, ina da abin da zan nuna maka." Ta kai ni masallacin unguwa. A jikin bangon waje ta sa an kafa tankin ruwan sanyi na sadaka, sabo fil, irin wanda masu wucewa ke sha su yi wa mamaci addu'a. Ta ce uwarta tana raye, za ta samu fure da kek, amma uwata fa, wa ya taɓa yi mata wani abu? Ta cire takardar da ta rufe wani allon ƙarfe da ke jikin tankin. An zana da kyakkyawan rubutu: sadaka mai gudana ga marigayiya Zainaba, mahaifiyar wane.

Ta tsaya tana kallon fuskata. "Baba, rubutun daidai ne? In akwai kuskure mai zanen ya ce zai gyara yau."

Inna, ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce. Amma takardar Samira a kan tawa take tsaye, ta 'ya'yanta a kan tata, aikin mijinta ma na gwamnati ne. Ita kuma ba ta iya riƙe magana ba, kuma in ta ji ba za ta yarda a bar allon haka ba, na san ta. Na dubi yarinyar nan, na gane abin da ya hana ki waiwayowa a hanyar gidan Zainaba. Ashe ba ƙarfin hali ba ne. Da kin waiwayo, da ba za ki iya ba.

Na ce mata, "Daidai ne, Allah ya yi miki albarka." Wani direba ya tsaya ya sha, ya karanta allon, ya ce Allah ya jiƙan Zainaba. Na ce amin. Ta cancanta, ta riƙe ni da amana, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Sai dai ba ita ta zauna a rana tana ƙulla gyaɗa ba.

Da la'asar muka je bakin teku. Aka shimfiɗa darduma, aka zuba shayi, aka yanka kek, yara suka yi wa uwarsu waƙa da Larabci. Iskar ruwa tana kaɗawa da ɗan danshinta. Na zauna a kujerar roba ina kallon yamma, ta inda kwalekwale ya ƙetaro da ku bayan tafiyar ƙafa, ta inda jirgi ya mayar da ke. Samira ta miƙo min kek ta ce, "Yau dai ka yi fara'a, tsohona, ko don kakata Zainaba." Na yi mata murmushi. Na iya yanzu, Inna. Na kai ki iyawa.

Na sauke abin da na riƙe. Ban ce na huce ba, na dai gaji, kuma na gane ba ke ce abin riƙewa ba. Ki yafe min sanyin da na ji a ƙofar nan. Ki yafe min kowace shekara da na ce sai baɗi.

Ya Allah, kai ka san wadda ta haife ni ba sai an nuna maka takarda ba. Ka kai mata ladan kowane kofi da aka sha a tankin nan, ka ba Zainaba nata ba tare da ka rage na kowa ba. Ka yalwata wa mahaifiyata kabarinta, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, ka tashe ni a inda za a kira ni da sunanta a gaban kowa.

Ni ne ɗanki Ɗanlami. Kin rasu da damina, shekara shida bayan an mayar da ke, a ɗakin wata mata da ba danginmu ba. Labarin ya iso ni bayan wata huɗu. Maza bakwai suka yi miki salla, ba na cikinsu, kuma ban san inda kabarinki yake ba.