Taken Wada Sarkin Noma

Fatakwal, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafin Yako? Ni nan lafiya lau, sai gajiyar ɗaukar katako da ƙurar zarto da ba ta barin ƙirji.

Direban albasa ya kawo mini takardarki. Na karanta inda kika ce hannun Baba na dama ya fara rawa, har kofin shayi sai ya tallafa da hagu. Kin ce in kira shi. Yaya, shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba sai gaisuwar salla, ita ma ta bakinki. In na kira, me zan ce? Kin san ranar da ya ɗauki gangar noma ya miƙa wa ƙanenmu Nazifi a gaban jama'a, ni da na shekara takwas ina bin sa gayya da ita a kafaɗa. Ya ce kunnena yana da kyau amma hannuna gaggawa gare shi. Yau Nazifi acaɓa yake yi tsakanin Yako da Kwanar Dangora, ganga tana rataye a ɗaki. Ba don in ci mutuncinsa na faɗa ba. Gayyar ce ta mutu, tarakta da maganin ciyawa sun karɓe ta, shi kuwa yana da iyali. Maganar gaggawa ma Baba bai yi ƙarya ba. Wurin faɗar ne bai zaɓa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Maƙwabcina a gidan haya, wani mai yin kiɗa a coci, ya sauya kwamfuta ya bar mini tsohuwar. A cikinta akwai manhajar haɗa kiɗa, irin wadda ake aiki da ita a sutudiyo. Ranar Lahadi da ba ma fita aiki nake zama a gabanta. Ranar farko na yi awa biyu ban samu ta yi ko tari ba, ashe wata 'yar alama na danna ta rufe sauti. Yanzu na gane cewa kowane sauti layinsa daban, ana jera su kamar huɗa a gona, a yanke, a matsar, a maimaita.

Abin da nake so, ki ari wayar Nazifi, ki sa Baba ya kaɗa taken manoman da ya sani tun hannun yana iyawa, ku turo mini. In ya tafi da su, babu mai su. Ki ce don ajiya ne. Kada ki yi masa ƙarya, in ya tambaya ko ni ne, ki ce ni ne.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Mudi

Fatakwal, 6 ga Afrilu

Yaya Hasiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ciwon ƙafarki ya yi sauƙi, kuma 'yarki Bushira ta gama jarrabawa lafiya.

Saƙon ya iso, minti shida da 'yan daƙiƙu. Na gode. Kin ce bai tambayi ko don wa ba, kawai ya ce a miƙo masa gula. To, shi ke nan. Akwai kukan zakara a ciki, da muryarki kina korar akuya, amma gangar ta fito sarai. Na saurara sau nawa ban sani ba.

Sai dai na sha wahala. Manhajar nan tana da wani ƙas-ƙas da ke ƙirga mata lokaci, ba ya gaba ba ya baya. Kiɗan Baba kuwa garma yake bi. In manomi ya kusa ƙarshen layi ya gaji, Baba yakan sassauta ya jira shi, sannan ya zuga shi. Da na ɗora su tare, sai ka ce jaki da babur aka ɗaure da igiya ɗaya. Maƙwabcin nawa ya nuna mini inda ake dannawa kwamfuta ta miƙe duk bugun ya zauna daidai. Na danna. Ya miƙe, amma ya zama kamar injin niƙa. Na mayar da shi yadda yake, na kashe ƙas-ƙas ɗin, na bi Baba da kunne. Lahadi uku wannan ya ci mini.

A cikin taken da ya jera, na huɗu na gane shi nan take, na Wada Sarkin Noma ne. Kin tuna yadda yake cilla garma sama ya cafe in an buga masa? Shi na yanko, na sa yana maimaita kansa, na ƙara masa sauri kaɗan, na shimfiɗa masa wani kauri a ƙasa da tafi a sama. Wallahi, Yaya, ya yi daɗi. Tun da na zo garin nan ban yi abin da na ji nawa ne ba sai wannan.

Yau na tura shi wayar Nazifi don a kunna wa Baba. Zai riga takardar nan isowa da mako guda. Ba yabo nake nema ba, so nake kawai ya ji. In kin haɗu da Wada ki gaishe shi, ki ce takensa ya je bakin teku. Na san zai yi dariyar nan tasa.

Naki,
Mudi

Fatakwal, 27 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Wada, ya sa ya huta. Sai a takardarki na ji cewa tun daminar bara aka binne shi. Da farko na ji haushinku, na ce mutum kamar Wada ya rasu a rasa mai gaya mini. Da na zauna sai na tuna yaushe rabon da in tambayi wani a Yako ban da ke. Wanda ba ya tambaya, wa zai bi shi da labari?

Ni ba baƙon gidanmu ba ne. Tun ina bin Baba na san in mai take ya mutu, a gidanmu ba a sake buga takensa a taro. A ɗaki don koyo ko don ajiya, wannan daban. Ni kuwa na ɗauke shi na sa masa tafi.

Kin ce Nazifi bai kai wa Baba ba, ya fara ba wani mai sa kiɗa a biki, kuma an kunna shi a kamun amarya a Kwanar Dangora, 'yan mata suna rawa, Inna Zuwaira matar marigayin tana zaune cikin manyan mata. Kin ce ta nemi takalminta ta fita, ta kama hanya da ƙafa har wani ya tsaya ya ɗauke ta. Tun da na karanta wannan wurin ban iya wuce shi ba. Nazifi ya ce bai gane taken ba saboda abin da na lafta masa, kuma na yarda da shi. Ita da ta shekara arba'in tana jin sa daga nesa tana ɗauke da abincin gona, ko me na lafta sai ta gane.

Na goge nawa, amma na san ba na iya goge na wayoyin mutane. Ki roƙi Nazifi ya je wajen mai kiɗan nan ya sa ya cire. Ki gaya wa Baba laifin nawa ne ni kaɗai, kada ya huce a kan Nazifi. Kin ce ya rataye gangar ya ce ba zai ƙara kaɗawa a waya ba. Yana da gaskiya. Sauran taken da bai kai ga bugawa ba, ni na jawo musu.

Ban buɗe kwamfutar ba tun ranar.

Mudi

Fatakwal, 25 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na ji an yi ruwan shuka, Allah ya sa albarka, ya ba mu damina mai kyau.

Ban san abin da kika gaya wa Baba ba, ban kuma san kwana nawa kika yi kina gaya masa ba. Allah ya saka miki. Sabon saƙon ya shigo ranar Juma'a, kusan minti arba'in. Kina wurin, amma bari in faɗa miki yadda ya iso kunnena. Kafin kowane take sai ya faɗi sunan mai shi, da unguwarsu, da ko yana raye ko ya rasu. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, amma na san da wa yake magana. Na ɗauki biro ina rubutawa. Yawancinsu na san su, kuma yawancinsu sun tafi ban sani ba.

A ƙarshen na sha tara na ji gula ta faɗi ƙasa. Na ji kin ce a huta, ya ce a'a. Daga nan da baki ya ci gaba da yin su, har ya kai talatin da ɗaya. Sai ya ce waɗannan sha biyun waya ba za ta riƙe su ba, sai an samu mai hannu ya zauna gabansa yana bugawa yana gyara masa.

Na buɗe kwamfutar jiya. Kowane take na ba shi layinsa da sunan mai shi, ban ƙara komai ba, ban miƙe komai ba. Na masu rai, sai na tambaye su kafin in taɓa.

Ba zan ce miki na huce gaba ɗaya ba, don ƙarya zan yi. Amma na nemi hutu a wurin aiki, sun ba ni kwana tara da ƙyar. Zan biyo motar albasa in ta juyo, in sha Allahu Larabar farko ta watan Yuni da hantsi ina Kwanar Dangora. Ki ce wa Nazifi ya jira ni da babur. Ki kuma gaya wa Baba kada ya ga mun wuce ƙofar gida ya yi zaton wani abu. Gidan Inna Zuwaira zan fara sauka, ban san tsawon zaman da zan yi a zauren ba kafin ta yarda in shiga.

Ki gaida maigidan da yara. Sai na zo.

Ƙanenki,
Mudi