Murjanina da Murjanin Gwaggo

Hajiya Afra'u, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai yi mini dariya ba. A yi haƙuri da Hausata, ta Abijan ce, nan aka haife ni.

Kayan waya nake sayarwa a Adjamé, ina zaune da iyalina a hawa na uku na wani tsohon bene a Treichville. Ba na shan taba, ba na bin ƙwallo, amma ina da jaraba guda: akwatin gilashi na ruwan gishiri, wanda ake ce wa akwariyom. Akwai kifaye biyu a ciki masu ruwan lemo da ratsin fari, sai wasu halittun teku da ke manne a kan dutse. Ka ce furanni ne, alhali rai gare su, suna buɗewa suna rufewa. Abokan kasuwa kullum tsiya suke mini, wai jikan masu tafiyar nisa neman ruwan sha ya zuba wa ruwa gishiri yana kiwon kifin da ba ya shiga miya. Wannan na saba da shi.

Yanzu halittun sun girma, wuri ya yi musu kaɗan, har harbin juna suke yi. Wanda ya sha kashi sai gefensa ya yi fari ya mutu. Mai shagon kifayen da nake ciniki da shi ya nuna mini akwati biyu, ɗaya tsawon dadduma, ɗaya tsawon doguwar kujerar falo. Babban ne ya shiga raina, har mafarkinsa nake yi. Matata Haulatu ta ce ran da bene ya rufta da mu, kar in ce ba ta faɗa ba.

To ga inda na tafka abin kunyar. Da Faransanci kawai na san sunan halittun nan. Na tambayi wani dattijo a babban masallacinmu, ya ce ai murjani ke nan. Na ji daɗi na samu kalma. Rannan ina waya da Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, yanzu ta koma gida Ƙonni. Cikin ɗoki na ce mata ina tara murjani a gida, ya yi yawa har sai na sayi babban akwati. Sai na ji ta fashe da kuka. Ta ce ashe na tuna.

Hajiya, wallahi ban tuna komai ba. Sai da ta ci gaba da magana na gane. Ina ƙarami gobara ta tashi a gidan da muke haya a Adjamé Liberté. Ta saɓe ni ta fita, ta bar kwallar da take ajiye murjanin da ta gada wurin uwarta. Da aka tona toka, an tarar ya koma fari, yana marmashewa a hannu. Ita a zatonta murjanin wuya nake tara mata a ɓoye. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta cewa amin, bakina ya ƙi faɗin gaskiya.

Ta riga ta shaida wa matan unguwarsu. Bayan Babbar Salla za ta zo a duba mata ido, kuma wurina za ta sauka. In ta shigo ta tarar da ƙaton gilashi yana ƙyalli, aka ce mata ga murjanin, ina zan sa kaina? Har na yi tunanin in kwashe komai in juye a lagun, ruwan nan da ya ratsa Abijan, in sayo murjani a kasuwa, in ja bakina in yi shiru. Sai in dubi halittun nan da na raina tun suna kamar ƙwayar wake, in kasa. Kunya ta hana ni sakat. In sayi babban ne, ko in haƙura gaba ɗaya? Da wane ido zan dube ta?

Mai Jin Kunyar Gwaggo, Treichville

Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, na fara karatu da dariya, na gama ina share ido.

Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Murjanin wuya ma daga wata halittar teku ake samunsa, dangin naka ne. Kiwon kuma ba abin kunya ba ne. Wani tattabaru yake yi, wani rago, kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Mantuwar yaro ma ba zunubi ba ce. Inda ka kauce guda ne: ka karɓi albarkar abin da ba ka yi ba, ka yi shiru. Wannan kunyar taka tana kan hanya, kar ka kore ta, ka yi aiki da ita.

Batun lagun ka cire shi daga ranka. Ruwanta ba irin na halittun nan ba ne, mutuwa za su yi, kuma amana ce ka ɗauka.

Akwati kuwa, ka ɗauki mai tsawon dadduma. Gaskiya ne ruwa mai yawa ya fi jure zafi da sauyi, amma Haulatu ta fi ka gaskiya. Babban in ya cika da ruwa da duwatsu, ya fi buhun shinkafa goma nauyi, duk a wuri guda, a tsohon bene. Ko matsakaicin ma sai ka nemi yardar mai gidan, magini ya duba, a jingina shi da bango mai ƙwari. Rarar da ka samu ka sa ta a na'urar sanyaya ruwa da batirin da zai riƙe injin zagaya ruwan in an ɗauke wuta. Ka bar sabon ruwan ya yi makonni yana zagayawa kafin ka mai da halittun ciki, kaɗan-kaɗan, kowa ka ba shi tazara.

Amma kafin ka taka shagon nan, ka kira Gwaggo. Kai da bakinka, kar ka aiki Haulatu, kar kuma ka bari sai ta hau mota. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tsohuwar da ta san murjani tun tana budurwa za ta gane wanda aka sayo da gaggawa don rufe baki. Za ta ji zafi, za ta ji nauyin matan da ta faɗa wa. Don haka ka sayi murjanin, na gaske, ka tafi da wata tsohuwa da ke iya bambanta shi da roba, Gwaggo ta koma gida da shi a wuya. Sai dai ya biyo bayan gaskiya, kar ya maye gurbinta.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ka manta? Da matar nan mai gori ce, da ka haddace labarin gobarar kamar Fatiha. Shekara da shekaru ta haɗiye shi don kar ka tashi da nauyinsa. Ba murjanin ne ya sa ta kuka ba, ta ɗauka an ga abin da ta yi ne. To ka gani yanzu. Ka ce mata ka manta, ka ce mata ita ta tuna maka, sannan ka yi mata godiyar da ba ka taɓa yi ba.

Allah ya ba Gwaggo lafiyar ido, ya kawo ta lafiya, ya sa albarkar da ta sa maka ta zama taka da gaske.

Hajiya Afra'u