Na ɓoye ciwon hanta, ga matata tana naƙuda

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don na riga kowa zagin kaina.

Kifin banda nake sayarwa a Nguru. Kwanakin baya ciwon ƙoda ya kwantar da surukina a Gashua, aka nemi jini, na yi zumbur na miƙa hannu don in burge dangin matata. Sai mai awon ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba za mu ɗebi naka ba, kana da ciwon hanta." Na ce a ina na samo shi, ni da ko Kano ban taɓa kwana ba? Ya ce, "Ba sai ka yi tafiya ba, yana nan cikinmu. Askar wanzami, mai yankan farce, wani ma da shi aka haife shi." Da ya ji matata na da ciki, ya ce in kawo ta a auna, jaririn kuma lallai a yi masa allurar rigakafi ranar da ya zo duniya, kada ya kwana.

Na fito na ce musu jininmu ne bai zo ɗaya ba. Wallahi tsoro ne. Na ga abin da aka yi wa maƙwabcin rumfata da labarin nasa ciwon hantar ya fita: mai shayi ya ware masa kofi, ana ta raɗa wai neman mata ne. Ni ma sai da na janye tabarmata daga kusa da shi, ga shi yau.

To cikin fari ne, matata ta tafi gidansu haihuwa, kuma a gidan nan ungozoma ake kira, jariri ba ya leƙa waje sai bayan suna. Na ce mata a waya ta matsa a kai ta asibiti, ta yi dariya ta ce, "Kai ko kunyar ɗan fari ba ka ji? Inna ta ce duk a ɗakin nan ta haife mu." Ban kai ta an auna ba, ban san ko na shafa mata ba. Ni da ba na iya haɗa ido da surukata, da wane baki zan ce a miƙo min jinjiri in kai shi allura? In ta ce ta mece ce fa?

Ɗazu ƙanwar matata ta kira, naƙuda ta tashi. Ina tasha yanzu cikin motar Gashua. In na faɗa, ƙila su riƙe 'yarsu. In na yi shiru, ɗana zai kwana ba allura. Jama'a, me zan yi?