Gadon Jannatu a Saman Bene

Udubo.

Zuwa ga Yayana Abdulmumini,

Sallama irin ta Musulunci, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tatsa, gero kuma ya yi kyau bana.

Yaya, kwantar da hankalinka, ƙanwarmu Jannatu ta samu wurin kwana a jami'a. Ka san rantsuwar Baffa, cewa in ba a cikin makaranta za ta kwana ba, to karatun ya ƙare, 'yarsa ba ta zaman haya cikin garin Azare. Shi ne ya ɗauki kwalbar man shanu da zabi biyu ya kai wa wani Alhaji da aka ce ya san manya. Muka zauna jiran Alhaji, ashe gadajen ta waya ake kama su, 'ya'yan mutane sun wawashe tun ranar farko. Alhaji ya ci zabi ya yi shiru. Da muka je ofishin rabon ɗakuna ni da Baffa da Jannatu, aka ce babu gado ko ɗaya. Baffa ya ce ta ɗauko akwatinta mu koma. Wallahi na ji kamar ni aka kora, yarinyar nan ko kuka ta kasa.

A bakin ƙofa wata mai sayar da awara ta ce mu nemi Radiyya, wata ɗaliba 'yar Disina da ke shekarar ƙarshe, wai ko ma'aikata ita suke tambaya zancen ɗakuna. Na zaci zan ga wata zabgegiya, sai ga 'yar firit da silifas. Amma ta san ɗakin da ke yoyo, da wanda fankarsa ta mutu, da wadda za ta yi aure ta bar gadonta. Ta durƙusa ta gaida Baffa da Fulatanci, nan take ya sauko. Ta ce akwai ɗakuna a can saman bene da famfo ba ya kai wa ruwa, 'yan birni kan kama su, in sun sha hawa da bokiti mako guda sai su mayar wa ofis su gudu haya. Sai ta tambayi Jannatu ko tana iya ɗaukar ruwa. Jannatun da ta tashi tana shayar da maruƙa da guga! Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Mai nema yana tare da samu, kafin la'asar Radiyya ta raka ta ofis an rubuta mata gadon da wata ta saki da safe.

Baffa ya ce sai ya gani da idonsa. Ya hau benen nan yana haki yana hutawa, ya zauna bakin gadon, ya daɗe yana addu'a, sannan ya ce wa Jannatu ta zauna ta yi abin da ya kawo ta. Mun tafi mu uku mun dawo mu biyu, kuma tun da nake ban taɓa jin daɗin baro ɗan'uwa a wani gari ba sai ranar.

Inna da Baffa suna sa maka albarka. Ka gaida Adda Rahama, ka shafa min kan Talha da Zayyad. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Murja